Abin da Ɗiyar Mai Fito Ta Gani

"Ɗaga can gefen, Malam. A'a, sama. Yawwa, buga ƙusar."

Malam Ubaidullahi yana tsaye a kan kifaffen turmi, ƙusa ɗaya a baki, ɗaya a hannu, yana ƙoƙarin kafe wani babban ƙyalle mai zane a bangon zauren maƙwabcinsa. Ƙyallen ya yi nauyi da fenti, yana warin kananzir. Da ya buga ƙusar ƙarshe ya sauko, ya karkaɗe hannu, ya ja da baya har bakin ƙofa don ya ga aikin da kyau.

Maƙwabcin, Baba Lawal mai fenti, yana zaune a kan buzu, ya jingina da bango, yana jan numfashi a hankali kamar mai tsoron kada ya zube. Ya bar shi ya gama kallo.

Daga ƙasa zanen kore ne mai duhu, kusan baƙi. Yana hawa sama yana washewa, har ya koma rawaya mai dauɗa irin ta ruwan ambaliya. Wasu siraran layuka sun taso daga ƙasa kamar ciyawa, duk sun karkata gefe guda. Can sama kuma wani dogon abu ne baƙi ƙirin, mai tsini gaba da baya, kamar cikin babban kifi marar ido. Kusa da shi akwai ɗan ƙaramin da'ira mai rami.

"Baba, ina tudun? Ina sararin sama? Ni fa na ɗauka zan ga jirgi a kan ruwa."

"Ga jirgi nan gabanka."

"Wannan baƙin abin?"

"Cikinai ne," in ji Baba Lawal. Tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi, sannan ya share baki da gefen rigarsa. "Kai daga gaɓa kake kallo, Malam. Ni ko daga ƙasa."

Malam Ubaidullahi malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Gwandu. An gayyaci makarantarsu taron wasan kwaikwayo a Kalgo, shi kuma ya zaɓi tsohon wasan nan na Mai Fito, wanda ɗalibai suka daɗe suna yi tun shi kansa yana ɗalibi. Labari ne da tsofaffi ke bayarwa tun kafin a mayar da shi wasa. Ruwa ya ci wani gari da damina, mutane suka hau tudu. Mai fito yana da jirgi ɗaya tak. Ya ɗora ɗiyarsa a ƙololuwar tudun, ya ba ta ƙwaryar shan ruwansa ta riƙe masa, ya ce ta jira shi, sai ya kwashe tsofaffi da masu goyo tukuna. Ya yi ta kaiwa da komowa, kowane zuwa ta ɗaga masa ƙwaryar, shi kuma ya ce saura kaɗan. Da ya dawo zuwan ƙarshe bai sami tudu ba. Fitowar ƙarshe a wasan ita ce ta uban yana zagaya wurin a cikin jirgi yana kiran ɗiyarsa.

Wannan fitowar ce Malam ya roƙi Baba Lawal ya zana masa, a rataya a bayan masu wasa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Baba Lawal ya yi ƙuruciyarsa yana yi wa manyan motoci ado, zakoki da mikiya da dawakai, kafin wa'azi ya kama shi ya daina zana duk wani abu mai rai. Tun daga nan sai allunan shaguna da sunayen masallatai. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su sami haihuwa ba, kuma daga gidan Malam ake kai masa tuwo. Malam ya san ba zai ga fuskar mutum a zanen ba. Amma bai zaci wannan ba.

Ya sake duban baƙin abin, sai idonsa ya gane. Ƙarƙashin jirgi ne. Ɗan da'irar kuwa ƙwarya ce da ta kife a kan ruwa, mai kallo yana hango cikinta daga ƙasa. Ciyawar nan ta kan tudu ce da ruwa ya rufe. Sai ya lura ya daɗe bai saki numfashi ba.

"Kowa shina tausayin uban," in ji Baba Lawal. "Shekara da shekaru ana sa yaro shi tsaya shi yi kuka, mutane su tafa. Ita fa? Wa ya taɓa tambayar mi ta gani?"

"To ai ta riga ta mutu a lokacin, Baba."

"Wa ya ce maka? Wataƙila ta mutu. Wataƙila ko saura kaɗan."

A waje hadari yana haɗuwa ta gabas, awaki suna rige-rigen shiga ƙarƙashin rumfar mai shayi.

"An gama ke nan?" in ji Malam.

"Saura abu guda."

Washegari Safiya, matar Malam, ta kai kunu da kanta, don ta ji tarin ta kan katanga tun da asuba. Ba ta daɗe ba ta dawo, ta ajiye kwanon a bakin murhu, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune tana kallon ƙasa.

"Malam, ka cire abin can daga zauren."

"Saboda me?"

"Na shiga na gaishe shi, na ɗaga kai, sai na ji kamar an danna ni cikin randa. Kuma zauren sanyi gare shi, yana warin laka."

"Damina ce, Safiya. Bangon ƙasa ne, dole ya yi danshi."

"Namu ma na ƙasa ne." Ta gyara ɗankwalinta. "Kuma kai da za ka sayo ƙyalle, ka rasa wanda za ka sayo sai farin alawayyo? Ba ka san abin da ake yi da shi ba?"

Ya sani, da shi ake yin likkafani. Shi ne mai faɗi kuma mai shan fenti, shi ya sa ya saya, bai kawo komai a ransa ba sai yanzu da ta faɗa.

Abin da ya fi damunsa ba ƙyallen ba ne. Tun farkon damina ya kai Baba Lawal asibitin gari, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce ruwa ne ya taru a huhu, sai an je Birnin Kebbi an zuƙe. Baba Lawal ya ce to, bari dai ya gama aikin Malam. Tun ana cewa jibi har aka daina sa rana. Ƙafafunsa sun kumbura har ba sa shiga takalmi, kuma ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci. Malam ya ga cewa shi ne ya ba wa tsohon nan dalilin ƙin tafiya.

Da ya taso daga makaranta ya wuce zauren kai tsaye, ko jaka bai ajiye ba.

"Baba, aikin nan ya yi. Wallahi ya fi abin da na nema. Bari in naɗe shi, gobe mu tafi asibiti."

"Kada ka taɓa shi."

"Lafiyarka ta fi wasan yara."

"Ba don yaranka nike yi ba yanzu." Bai ɗaga murya ba, ba shi da numfashin yin hakan. "In ka cire shi, Malam, in tafi in bar ta ƙasa haka nan, ba kowa bisa?"

"Baba, labari ne fa."

"Na sani."

Ya faɗi haka idonsa yana kan zanen. Malam ya fita tsakar titi ya kira Inna Rahmatu a waya, ƙanwar Baba Lawal da ke aure a Kalgo, wadda ita kaɗai ta rage masa a duniya. Ya gaya mata gaskiyar yadda jikin yake.

Washegari da hantsi ta iso, doguwar tsohuwa mai zanen fuska, da ƙullin busasshen kifi a hannu. Ta yi sallama ta shiga zauren, ta durƙusa ta gaida yayanta, ta fara yi masa faɗa a hankali kan ƙafafunsa. Tana cikin magana ta juya ta ga bangon. Ƙullin kifin ya zame daga hannunta.

"Yaya, mi ne wanga?"

"Aikin Malam ne."

Ta tashi ta fita ba tare da ta ɗauki ƙullin ba. Malam ya same ta a tsakar gidansa, Safiya ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa, amma ba ta sha ba.

"Ɗana, kai ka ce shi zana haka?"

"A'a, Inna. Na dai ba shi labarin."

"Bayan garinmu akwai wani wuri da gulbi ke cika da damina. Muna yara, shi da babanmu sunka tafi ɗebo shinkafa cikin jirgi, ya zame ya faɗa. Ina gaɓa ina kallo. Ruwa ya rufe kamar ba a taɓa haihuwatai ba. Babanmu ya yi ta lalube da filafilin tuƙi, har mata sunka fara salati, kana anka jawo shi." Ta shafa gwiwarta. "Da ya farfaɗo anka yi ta tambayatai mi ya gani, bai ce uffan ba. Tun rannan ko wanka bai yarda shi yi bakin gulbi. Shi ya sa ya baro Kalgo ya zo nan, inda ruwa bai biyo shi. Yau ga shi na ga abin da ya gani."

Safiya ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi katangar da ta raba gidajen. Ta bayanta ana jin tarin, mai kauri, kamar ana zuba ruwa a tulu.

Inna Rahmatu ta zauna a Gwandu tana jinyar yayanta. Ita da Safiya suka riƙa yi masa farfesu da kunu, yana kurɓa kaɗan ya ture. A ƙarshe ta sa ya yi mata alkawari: ran da ya ajiye buroshi, washegari za su tafi asibiti.

Ranar da tsohon ya zana abin da ya rage, Malam ne ya riƙe shi. Bayan la'asar ne, an yi ruwa an ɗauke, hasken yamma yana shigowa ta ƙofar zaure. Baba Lawal ba ya iya tsayuwa shi kaɗai, don haka Malam ya tallafe shi ta baya, hannuwansa a ƙarƙashin hammatarsa. Ta cikin rigar yana jin ƙirjin tsohon yana ƙugi da kowane numfashi. Baba Lawal ya tsoma buroshi a gwangwanin farin fenti da ya ɗan gauraya da rawaya, ya miƙa hannu sama. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofi bai yi rawa ba ko kaɗan. Daga gefen baƙin jirgin ya jawo layi guda, siriri a sama, yana faɗi yana saukowa, ya tsaya a tsakiyar koren.

"Filafili ne," in ji Malam.

"Awo."

Ya zaunar da shi a kan buzu. Su biyu suka yi ta kallo. Shi ne kaɗai abu mai haske a duk zanen, kuma ya tsaya daidai inda mutum zai ji in ya miƙa hannu zai kusa kamawa.

"Baba, shigowa yake yi ko fita? Uban yana laluben ta ne, ko ya haƙura yana tuƙa jirgin ya tafi?"

Baba Lawal ya yi ɗan murmushi, haƙoransa jajaye da tsohon goro.

"Wanda ke ƙasa bai sani ba, Malam. Shina dai kallo."

Ya saki buroshin a cikin gwangwani.

Da safe Malam ya samo mota, wata tsohuwar Golf ta wani maƙwabci mai suna Abdulrasheed. Aka cicciɓo Baba Lawal aka zaunar da shi a baya, Inna Rahmatu a gefe guda, Malam a ɗaya gefen. Mutanen unguwa suka fito suna yi masa fatan sauƙi, mai shayi ya leƙo ta taga ya ce allonsa ya koɗe, yana jiran a dawo a sabunta masa. Baba Lawal ya ɗaga masa hannu.

Suka bar Gwandu, suka shiga gonaki. Gero ya yi tsawo ya fitar da kai, ko'ina kore shar. Baba Lawal ya jingina kansa a kafaɗar ƙanwarsa, idonsa a buɗe. Sun yi nisa sai hanya ta gangara cikin wata fadama da ruwa ya cika ta hagu da dama, har ya taɓo bakin kwalta. Abdulrasheed ya rage gudu. Daga cikin ruwan kawunan shinkafa ne kawai suka leƙo, sai wasu balbelu a kan busasshen itace.

"Buɗe gilashi," in ji Baba Lawal.

Malam ya sauke. Iska mai sanyi ta shigo da warin laka.

Tsohon bai dubi ruwan ba. Rufin motar yake kallo, kamar yana hango wani abu ta cikinsa, idanunsa suna bin sa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kamar jirgi yana wucewa ta samansa.

"Rahmatu."

"Na'am, Yaya."

"Ya tsaya."

"Mi ya tsaya? Mota tana tafiya, Yaya."

Ya ɗaga hannun dama sama, yatsunsa a buɗe, har suka kusa taɓa rufin. Inna Rahmatu ta fara laƙƙana masa kalmar shahada, ya bi ta da leɓe har ƙarshe. Sannan yatsun suka dunƙule, kamar sun kama wani abu. Hannun ya daɗe a haka kafin ya sauko a kan cinyar Malam.

Abdulrasheed ya gangara gefen hanya ya kashe mota, yana ta salati. Ana jin kwaɗi daga cikin shinkafa. Malam ne ya shafa idanun ya rufe su, ya kuma yi ƙoƙarin miƙe yatsun nan, ya ji sun ƙi, sai ya bar su.

"Ku wuce da mu Kalgo," in ji Inna Rahmatu. "Gida za shi."

Kafin azahar aka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar da iyayensa suke. Ƙasar ta jiƙe, masu haƙa suka yi ta kwashe ruwa daga ramin da kwano kafin a sa shi.

Malam ya so ya janye makarantarsu daga taron. Safiya ce ta hana. Ta ce tsohon nan ya ba da sauran numfashinsa a kan abin, ba za a naɗe shi a tura ƙarƙashin gado ba. Ita da ta ce a cire shi, ita ta taya shi cire ƙusoshin, amma fuskarta a juye.

Ranar taron babban ɗakin ya cika da ɗalibai da malamai da iyaye. Makarantu suka yi ta wasannin barkwanci ana dariya. Da aka zo kan na Gwandu, aka yi fitowar farko da ta biyu kamar yadda aka saba. A ta ƙarshe sai aka saki ƙyallen daga sama ya rufe bango. Mutane suka jira a ga mai fito ya shigo da filafilinsa yana kuka. Ba wanda ya shigo. Malam ya sauya tsarin: ya sa ɗalibin da ke fitowa a matsayin uban ya tsaya a bayan ƙyallen, a kan tebur, ya kife ƙwarya a bakinsa ya yi kiran ta ciki.

Dandamalin babu kowa. Sai kore, da baƙin cikin jirgi, da farin filafili. Daga can sama murya ta fito a dushe, kamar daga nesa ƙwarai, tana kiran ɗiya. Ta yi shiru. Ta sake kira, daga wani gefen.

Surutun ɗakin ya mutu. Wani jariri da ke kuka ma ya daina. Malam yana tsaye a gefe ya ga mutanen layin gaba sun ɗaga haɓa suna kallon sama, bakunansu a rufe gam. Wani dattijo mai farar hula ya tashi ya lalubi ƙofa ya fita, ya tsaya a rana yana haki. Da kiran ya ƙare ba a tafa ba. An daɗe kafin wani ya yi gyaran murya, sannan kujeru suka fara motsi.

Inna Rahmatu ba ta je ba. Ta ce ta riga ta gani, ya ishe ta.

Bayan sadakar bakwai ta zo Gwandu ta kwashe kayan ɗakin. Ba su da yawa. Ta ba liman rigunan ya raba, ta ba Safiya tukwane, ta ce Malam ya riƙe buzun. Gwangwanayen fenti ta ba mai shayi, ko zai sami wanda zai gyara masa allonsa. Saura tarin buroshinsa, sun bushe sun ƙandare a cikin wani tsohon kwano.

"Inna, bar su, sai da kananzir suke fita," in ji Malam.

"Kawo."

Ya kawo mata a kwalba. Ta zauna a tsakar gidan yayanta ta jiƙa su, ta murza kowanne da yatsu har gashin ya yi laushi, sannan ta ɗauraye su da sabulu a cikin daro. Ta jera su a kan bakin rijiya, manya a gefe, ƙanana a gefe, kamar mai su zai fito ya ɗauka. Ruwan daron ya koma kore. Ta ɗauke shi da hannu biyu ta kai gindin darbejiya ta zuba a hankali, ta tsaya da daron a hannu har ƙasa ta shanye.